Kyamarar Adashe a Bakin Ruwan Yauri

'Yar'uwa, kafin ki ci gaba da karatu, ki ɗan leƙa cikin wayar da ke hannunki. Hotuna nawa ne a ciki? Na ranar suna, na ranar da yaro ya fara tatata, na walimar sauka, na Hajiya tana dariya da jika a cinya. To in wayar nan ta ɓace yau, guda nawa za su rage miki?

Ni ban yi wa kaina wannan tambayar ba sai da aikin gama ya gama. Shekara biyu ke nan, na taso daga aikin dare a asibiti, idona na rufewa don gajiya, aka zare min waya a tasha. Ban yi kukan wayar ba. Abin da ya hana ni barci shi ne duk hotunan Inna suna ciki, kuma a lokacin wata huɗu da rasuwarta. Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ina cigiya. Abin da na samu hoto ɗaya ne da na taɓa tura wa ƙanwata ta WhatsApp, shi ma manhajar ta matse shi ya dushe. Da na kai a wanke shi babba, fuskar Inna ta fito kamar ana hangenta a cikin hazo.

Tun daga ranar na ƙudura cewa Kaka, mahaifiyar Inna, wadda take zaune a wani ƙauye a bakin tafkin Kainji cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ba za ta tafi ta bar mu babu hoton kirki ba. Labarin yadda na sayi kyamara da kuɗin adashe, da abin da hanyar Shanga zuwa Yelwa zuwa Wara ta koya min game da ita, shi nake so in ba ki.

Araha ba ta ado

Bari in fara da wautata, don kada ki maimaita. Na ga talla a waya: sabuwar kyamara fil a kwali, an rubuta megafiksel 48, an ce tana ɗaukar bidiyo kamar na fim, kuɗinta bai kai na atamfa mai kyau biyu ba. Na tura kuɗi. Da ta iso, ba ta fi kwalin ashana nauyi ba, sunan da ke jikinta ban taɓa jin sa ba. Na ɗauki autana a tsakar gida da hantsi, ya fito kamar zanen da ruwa ya taɓa. Mai sayarwar kuwa ya daina ɗaga waya.

Da na kwashi adashenmu na wurin aiki, naira 100,000, sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na je wurin wani dattijon mai hoto a unguwarmu, wanda ya ɗauki bikina. Ya juya ta kwalin nan ya yi murmushi.

"Malama, lamba aka sayar miki. Ai ko a asibiti ba girman kwalba ne magani ba."

Ya yi min bayani yadda zan gane. Megafiksel ƙididdigar ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto ne, kowane ɗaya miliyan guda. Hoton albam na inci 4 da 6 bai buƙatar fiye da megafiksel 2 da 'yan kai. Wanda ya kai faɗin takardar A4, na ratayewa a falo, 9 ya ishe shi. Saboda haka kyamara mai 12 ko 16 ta wadatar da uwa har ta yi saura. Abin da ke sa hoto ya yi kyau shi ne ingancin gilashin idon kyamarar da kuma farantin da ke karɓar haske a cikinta, su kuwa ba a cika rubuta su da manyan baƙaƙe a kwali ba.

Ya kuma gaya min cewa tun da wayoyi suka mamaye duniya, manyan kamfanoni suka rage ƙera ƙananan kyamarori masu sauƙin kuɗi. Don haka mai ƙaramin ƙarfi, abin da ya fi mata shi ne ta hannu daga sunan da aka sani: Canon PowerShot ko IXUS, Nikon Coolpix, Sony Cyber-shot, Panasonic Lumix, ko Fujifilm. Ta shekara goma daga waɗannan ta fi sabuwar da ba ta da asali.

Shi ya samo min wata Canon PowerShot tsohuwar yayi, mai megafiksel 12, wadda idonta ke jawo abu ninki 20. Ya ce kada in ba da ko sisi sai na gwada, kuma a gabansa na yi gwajin, kamar yadda muke duba majiyyaci daga kai zuwa ƙafa:

Na kunna na kashe sau goma, ina sauraren fitar idon da komawarsa. In yana ƙara kamar an zuba masa yashi, ko yana tsayawa a rabi, ki ajiye ta.

Na haska tocilan waya cikin gilashin. In kika ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, kuma ba ta gogewa da ƙyalle.

Na ɗauki farin bango. Duk ɗigon da ya fito a wuri ɗaya cikin hotuna uku, datti ne a can ciki.

Na fitar da batir na ɗora a kan tebur. In ya kumbura yana lilo, ya gama yayi.

Na sa katin memori nawa, na ɗauka da filasha da babu filasha, na zuba a waya na buɗe hoton sosai na duba gashin ido.

Sannan muka yi ƙa'ida da mai ita cewa ina da kwana uku in dawo da ita in ta nuna wani hali. Na biya 70,000. Na sayi batir na biyu da kati da ɗan abin da ake sa katin a jona da waya a kan 15,000. Ragowar 15,000 na ƙulle a gefe na wankin hoto. Farashi kullum canjawa yake, kada ki riƙe nawa. Rabon za ki riƙe: kada kyamarar ta cinye kuɗin duka.

Shanga: ƙura da batir

Mun tashi daga Birnin Kebbi da sassafe a cikin watan Janairu, ni da 'yar farina mai shekara tara. Muka bi ta Jega, muka wuce Koko, muka shiga ƙasar Shanga rana ta ɗaga. Masarautar Yauri ƙananan hukumomi uku ce, Shanga da Yauri da Ngaski, jere suke daga arewa zuwa kudu suna bin Kwara. In kina cikin mota ba kullum kike ganin ruwan ba, amma kina ganin aikinsa: buhunan albasa a bakin titi, shinkafa shanye a kan tabarmi, mata da tirorin bandar kifi suna rige-rigen zuwa taga.

Mun sauka a wani ƙauye gai da Gwaggo. A nan hunturu ya ba ni darasin farko. Iska ta taso da ƙura ina tsaye da kyamara a kunne, idonta a waje. Da na zo kashewa na ji wata 'yar ƙara da ta tsinka min zuciya. Allah Ya taimake ni ta koma. Irin waɗannan kyamarori masu idon da ke fita yana komawa, ƙura ce babbar abokiyar gabarsu. Daga nan na mayar da ita cikin leda mai zif, in fitar in ɗauka in mayar. Kada ki goge gilashin da bakin mayafi, domin ƙurar da ke jiki za ta karce shi. Ki hure tukuna, sannan ki shafa da ƙyalle mai laushi irin na tabarau.

Darasi na biyu da dare ya zo. Babu wuta a gidan Gwaggo, mai cajin waya na bakin kasuwa kuma ya rufe. Batir na biyu ne ya fitar da ni. In kin san ƙauyenku wuta sai an sa rana, ki tambayi irin batirin kafin ki saya. Akwai tsofaffin Canon PowerShot na jerin A da Nikon Coolpix na jerin L da ke aiki da batirin AA, irin wanda ake samu a kusan kowane kanti. Sun fi kauri, ba su da kyan gani, amma ba za su bar ki a hanya ba.

Yelwa: inda ake buƙatar jawo nesa kusa

Washegari muka isa Yelwa. Nan ne fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya hau gadon sarauta a 1999. Gari ne da Bahaushe da Bagunge da Bakambare da Banufe da Bayarabe ke cin kasuwa ɗaya. Tun ana fatauci a ƙafa da jaki Yauri mashiga ce. Ta nan Mungo Park ya wuce a jirginsa kafin ya halaka a ruwan Busa a 1806, kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sauka a Yauri a 1830.

Ki je bakin ruwa bayan sallar asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. Kwalekwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya, Sarkawa na sauke abin da dare ya ba su: tarwaɗa, karfasa, wani lokaci giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama. Mata na ciniki da ƙarfin murya, hayaƙin banda na tashi, yara na wanka a gefe kamar ba sanyi ake ba.

A nan na gane abin da na biya kuɗi dominsa. Can tsakiyar ruwa wani masunci ya miƙe a kan kwalekwale zai jefa birgi. 'Yata ta ɗaga wayata ta ja hoton da yatsu biyu, mutumin ya fito kamar ƙwayar gero da aka murje. Ni kuma na jawo shi da kyamara, har ɗigon ruwan da ke zuba daga ragar ya fito. Bambancin shi ne zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, wanda idon kyamarar da kansa ke miƙewa ya kawo abu kusa. Akwai na dijital, wanda yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, yana buɗawa yana lalacewa. In za ki saya, na gilashin za ki tambaya. Ninki 5 ya isa biki da suna. In kina son tsuntsu a kan ruwa, ko ɗanki a fareti can ƙarshen fili, ko tseren kwalekwale a bikin Rigata da ake yi a wannan ruwan, ki nemi 10 zuwa sama.

Sai dai duk yadda kika jawo abu, haka rawar hannunki ke ƙaruwa. Ki nemi mai maganin girgiza: Canon na rubuta IS, Nikon na rubuta VR, Sony kuma SteadyShot. Ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi, ki danna a hankali. Ni dai aikin sa allura a jijiyar jariri ya riga ya koya min wannan.

Wani abu kuma da ba ya cikin kwali: izini. Na ɗaga kyamara wajen wata dattijuwa mai gyaran kifi, ta ɗago ta dube ni.

"'Yar nan, a garinku ba a sallama ne?"

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi 'yar gidan wa nake, na sayi kifi. Da kanta ta gyara ɗankwali ta ce in ɗauka, amma kada in sa ta a Facebook. Na cika alkawari. Mu da aka hana ɗaukar hoton majiyyaci ba da yardarsa ba, bai kamata a ce sai an tuna min ba.

Ngaski: abin da ke ƙarƙashin ruwa

Daga Yelwa muka yi kudu. Hanyar ta bi da mu ta Birnin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarautar kafin a koma Yelwa. Babu uwar da za ta ji sunan garin nan ba ta tuna 17 ga Yuni 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya da ke can. Na riƙe hannun 'yata, kyamara na cikin jaka, ban fitar ba. In za ki bi hanyar nan, ki tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin ki tashi, kuma kada ki yi tafiyar dare.

A Wara, hedikwatar Ngaski, Kawu ya tare mu. Nan kogi ya buɗe ya zama tafki, kina hangen ruwa har inda ido ya gaza. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka datse ruwan a 1968. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita kusan 130, ya shanye tsohon garin Busa da gungu-gungu masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa, mutanen da sunansu ma daga gungu ya samo asali, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kaka tana cikinsu. Tana amarya aka kwashe su zuwa gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi da gwamnati ta gina a tudu.

Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta ƙare min kallo.

"Kishiya, sai yau? Me kika rataya a wuya kamar laya?"

Na ce na zo ɗaukarta hoto ne. Ta ce ita tsohuwa me za a kalla a jikinta. Amma da yamma sai ga ta ta fito da zanen da take ajiya a ƙasan akwati, ta ce wa Kawu ya kai mu ruwa, akwai abin da za ta nuna min.

Kafin in ba ki labarin shigarmu, bari nas ta yi magana. A ruwan Wara ne, ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya kife, waɗanda suka tsira ba su da yawa. Har yau akwai kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, suna nan a ƙasa ba a ganinsu. Kada ki shiga jirgin da aka cika maƙil, kada ki shiga bayan magariba, kada ki shiga babu rigar kariya, ke da ɗanki. Ni da namu na je, guda biyu, aro na yi. Babu hoton da ya kai ran yaro.

Kyamarar ma na ɗaure igiyarta a wuyan hannu, ledarta na cinyata. Akwai waɗanda aka ƙera don ruwa, irin su Olympus Tough da Fujifilm XP. In gidanki a bakin ruwa yake kuma aljihu ya yarda, su suka fi dacewa, domin ƙura ma ba ta shigarsu. Amma ba sa jawo nesa sosai. Kowace da abin da ta iya, ke za ki san wanda kika fi buƙata.

Ruwan ranar garai yake, ya yi duhu. Kawu ya ce haka yake a wannan lokacin. Na damina fari ne, laka ce a cikinsa daga rafukan kusa. Na hunturu kuwa tun daga tsaunukan Gini ya taso, ya yi watanni a hanya, ya sauke lakarsa a fadamun Mali kafin ya iso.

Mun ɗan yi nisa Kaka ta ɗaga hannu, Kawu ya kashe inji. Ta dubi tudun gabas, ta dubi na yamma, ta nuna ruwa da yatsa.

"Nan ne. Ga inda tsamiyarmu take. Can gonar albasar babana. Uwata ma a nan take kwance."

Babu komai a wurin sai ruwa. Babu kututture, babu alama. 'Yata ta ce, "Kaka, ina hoton gidan?" Kaka ta yi dariya ta ce a lokacin wa ya san hoto a gungu. Duk abin da ya rage na garin yana cikin kanta, kuma ta haura saba'in.

Rana na bayanta, ruwa na ƙyalli, hoton farko fuskarta ta fito baƙi ƙirin. Na tuna abin da mai hoto ya ce: in haske na bayan mutum, ko da rana tsaka ne, a kunna filasha. Na kunna. Na ɗauke ta yatsanta na nuna ruwa, ɗayan hannun na kan kafaɗar tattaɓa-kunnenta. Sannan na juya kyamarar zuwa bidiyo na ce ta lissafo min gidajen gungun daga bakin mashaya zuwa ƙarshe. Ta yi minti goma sha ɗaya tana kiran sunaye. Kawu da kansa bai san rabinsu ba.

In kin koma gida

Hoton da ke cikin kati bai tsira ba tukuna. Kati na lalacewa, kuma akwai na jabu a kasuwa da ke nuna babban ciki alhali ƙarami ne, sai ya cika ya fara cinye na baya. Ki saya a wurin da za ki iya komawa. Mai gigabait 32 zai ɗauki hoton megafiksel 12 sama da 5,000, kuma tsofaffin kyamarori da yawa ba sa karɓar wanda ya fi haka.

Ni yanzu wuri uku nake ajiya: a kati, a ma'ajiyar intanet, da kuma a takarda. In za ki tura wa 'yar'uwa ta WhatsApp don ta ajiye miki, ki tura a matsayin fayil, kada ya matsu. Kyamarar kuma in za ta daɗe a ajiye, ki cire batir, ki jefa mata 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko robar magani. Ki dai nisanta su daga hannun yara.

Zan gaya miki gaskiya. In wayarki na ɗaukar hoto mai kyau, kuma kuɗin makaranta na jiran ki, kada ki ci bashi don kyamara. Iya kuɗinki, iya shagalinki. Ki zaɓi hotuna ashirin a wayar nan cikin makon nan, ki kai a wanke. Wannan kaɗai da na yi, da yau ina da fuskar Inna. Kyamara ta fi waya ne a abu uku: tana jawo nesa, batirinta nata ne ita kaɗai, kuma ba ta yawo da ke tasha da kasuwa kullum balle a zare ta.

Da ragowar kuɗin adashen na wanke guda arba'in, da babba ɗaya da aka sa wa firam. Na aika wa Kaka ta hannun direban Wara. Kawu ya kira ni ya ce ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a gaya wa kishiya ta iya, amma ba ta fito da tsamiyar ba. Ta sa an rataye shi a saman gadonta, ta gefen da ke kallon ruwa.